Daga Bristol Zuwa Nashville: Bin Sawun Kiɗan Kantiri, Tsoho da Sabo

Titin State da ke garin Bristol a Amurka ya rabu biyu ne daidai tsakiyarsa. An kafa ƙananan faranti na tagulla a kan kwalta, gefe ɗaya an rubuta Tennessee, ɗaya gefen Virginia, har mutum zai iya tsayawa ƙafar dama a wata jiha, ta hagu a wata. Daga nan na fara tafiyar cikin watan Oktoba, lokacin da ganyayen itatuwan tsaunukan Appalachia suka rikiɗe ja da rawaya. Tambaya guda ce ta kai ni. Wannan kiɗa na kantiri da muka taso muna ji a rediyo da kaset, na su Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton, me ya raba shi da wanda matasan Amurka ke saurare yau, alhali sunansu ɗaya? Duk mai kunne ya san akwai bambanci. Amma a ce ga inda yake, ko a ganga, ko a murya, ko a ɗakin ɗaukar sauti, wannan sai an zauna an kasa kunne da kyau.

A ƙarshen Yuli da farkon Agustan 1927, wani ma'aikacin kamfanin faifai na Victor mai suna Ralph Peer ya kama ɗaki a ginin wani kamfanin huluna a kan wannan titi, ya yi cigiyar makaɗan ƙauyuka. Cikin kwana 12 ya ɗauki waƙoƙi 76 daga mawaƙa da ƙungiyoyi 19. A cikinsu akwai Jimmie Rodgers da iyalin Carter, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen wannan kiɗa. Gidan tarihin da aka buɗe a garin a 2014 ya nuna yadda aka yi aikin, kuma nan ne na fara samun amsa. Makirfo guda ne a ɗakin. Allura ce take yanka sautin kai tsaye a jikin faifan kaki, don haka babu gyara: in wani ya yi kuskure a baitin ƙarshe, sai a jefar da faifan a koma farko. Faifan garmaho mai faɗin inci goma ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi a fuska ɗaya, shi ya sa tsofaffin waƙoƙin kantiri gajeru ne, kowane baiti da aikinsa. Daidaita sauti kuwa da ƙafa ake yin sa. Wanda ake son a ji sosai ya matso kusa da makirfo, mai kayan kiɗa mai ƙara ya ja da baya.

Da yammar Asabar na kama hanyar ƙauyen Hiltons a Virginia, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Bristol, inda zuriyar Carter suke da rumfar kiɗa tun 1974. Dokar wurin ita ce ba a kawo kayan kiɗa na lantarki, ba a kuma shan giya. Jita ce, da banjo, da gogen Turawa, da babban bes mai tsayuwa wanda tsawonsa ya kai na mutum. Ba ganga ko ɗaya, amma tsofaffi da yara suna sauka fili suna rawar buga ƙafa a kan daɓe, ƙarar takalmansu ta zama gangar. A nan na ga salon da Maybelle Carter ta shahara da shi: babban yatsa yana fitar da karin waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri na sama, manuni kuma yana sharar sirara na ƙasa tsakanin kowane bugu. Jita ɗaya tana aikin biyu, tana rera waƙa tana kuma riƙe taku.

Banjo ya tsayar da ni. Asalinsa daga bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne, kuma na farko-farkonsa ƙwarya ce aka rufe da fata aka sa mata sanda, kamar dai gurminmu. Banjo na yau yana da tsirkiya biyar, ta biyar ɗin gajera ce, ta tsaya a tsakiyar wuya, babban yatsa ke bugun ta tana maimaita sauti guda. Irin wannan gajerar tsirkiya tana jikin akontin na Jola a Senegal da Gambiya. Hannun baƙaƙen fata bai tsaya a banjo ba: Lesley Riddle ne ya riƙa raka A.P. Carter ƙauyuka neman waƙoƙi yana haddace musu kari, Rufus Payne ne ya koya wa shahararren mawaƙin kantiri Hank Williams jita yana yaro a Alabama, DeFord Bailey kuma yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry, shirin rediyo na kiɗan kantiri da ake watsawa daga Nashville.

Daga Bristol zuwa Nashville, cibiyar masana'antar kiɗan kantiri, kimanin kilomita 470 ne, awa huɗu da rabi a mota, ta babbar hanya mai lamba 81 sannan mai lamba 40, a ratsa Knoxville, a hau tudun Cumberland inda agogo ke komawa baya da awa ɗaya. Na yi amfani da hanyar wajen sauraren tashoshin FM masu sa sabon kantiri, ina ƙirga taku. Yawancin waƙoƙin da na ƙirga suna tsakanin bugu 70 da 85 a minti, a hankali amma da nauyi, ganga tana dukan ƙirji, akwai ƙas-ƙas ɗin yatsa ko tafi na inji yana maimaituwa, ƙarƙashinsa kuma wani sauti mai kauri da ke girgiza ƙofar mota. Gabatarwa ba ta wuce daƙiƙa goma sai murya ta shigo, kafin minti guda an kai amshi. Da magariba na koma tashar WSM a kan mita 650 na zangon AM, wadda ta fara watsa shirin Opry a Nuwamban 1925. Nan aka sa wata tsohuwar waƙa ta shekarun 1950. Goge ne ya buɗe ta, takunta ya kusa 120 a minti, ga iska tsakanin kayan kiɗan, har kana iya nuna inda kowane makaɗi yake tsaye.

Zauren Ryman a tsakiyar Nashville majami'a ce asalinsa. Wani mai jiragen ruwa, Thomas Ryman, ya gina shi aka buɗe a 1892, har yanzu kuma bencinan katako na masu ibada ne ake zama a kai. Nan Opry ya zauna daga 1943 zuwa 1974. Shekaru da dama masu shirin ba sa son ganin ganguna a dandamalin, suna ganin kayan kiɗan birni ne. Da mawaƙi Bob Wills ya zo da mai gangarsa daga yamma a ƙarshen 1944 sai da aka kai ruwa rana. To ta yaya ake riƙe taku babu ganga? Kiɗan ana ƙirga shi huɗu-huɗu. Mai bes yana bugawa a kan ɗaya da uku, yana musanya sauti biyu, tushen haɗin sauti (wato sautukan da ake bugawa tare a lokaci guda) da na biyar ɗinsa, dum, dam, dum, dam. Mai jita kuma yana danne tsirkiyoyi da tafin hannu ya share su a kan biyu da huɗu, sai su ba da “cak” maimakon sauti. Haka faya-fayan Hank Williams suke, mutumin da ya rasu ranar 1 ga Janairun 1953 yana da shekara 29. Johnny Cash ma takarda ya riƙa cusawa tsakanin tsirkiyoyin jitarsa a Memphis don ta yi ƙarar ƙaramar ganga. A 1956 Ray Price ya kawo wani taku da bes ke tafiya a kan duka huɗun, ganga tana ɗan ɗingishi a baya, dogo-gajere, dogo-gajere. Wannan ɗingishin shi ne rawar gidajen kiɗa na Texas har gobe, kuma shi ne abu na farko da na rasa a rediyon FM.

Amma abin da ya fi cin lokacina a Nashville shi ne jitar ƙarfe mai feda. In aka ce a zaɓi abu guda da ya ba tsohon kantiri muryarsa, ita zan nuna. A wani gidan kiɗa da ke titin Broadway na zauna da rana kusa da dandamali, inda zan ga hannu da ƙafar mai buga ta. Kamar ƙaramin tebur take mai ƙafa huɗu, tsirkiyoyi goma a shimfiɗe a kai, wasu ma wuya biyu gare su, tsirkiya ashirin ke nan. Makaɗin a zaune yake. Hannun hagu yana riƙe da guntun ƙarfe mai santsi yana zamewa da shi a kan tsirkiyoyin. Hannun dama yana da farata uku na roba da ƙarfe, ɗaya a babban yatsa, biyu a manuni da na tsakiya. Ƙafar hagu tana taka fedoji, gwiwoyi suna tura wasu sanduna da ke rataye a ƙarƙashi, ƙafar dama kuma tana kan fedar ƙara sauti da rage shi.

Ga abin da fedojin ke yi. A wuyan da aka fi amfani da shi, wanda suke kira E9, feda ta farko tana ja tsirkiya ta biyar da ta goma ta ɗaga su mataki guda, daga B zuwa C mai ƙari (da haruffa ake kiran sautukan kiɗan Turawa, “mai ƙari” kuma na nufin rabin mataki sama). Ta biyu tana ɗaga ta uku da ta shida rabin mataki, daga G mai ƙari zuwa A. In aka taka su tare, haɗin sautin E ya koma na A ba tare da ƙarfen hannu ya motsa ba. Sirrin yana nan: tsirkiya ɗaya tana tsaye a inda take, biyu suna hawa a hankali su same ta. Wannan hawan ne kunne ke ji kamar kuka. Bud Isaacs ne ya fara fito da shi a faifan Webb Pierce da ya fita a 1954, daga baya Buddy Emmons ya raba fedar gida biyu don a iya taka su ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa makaɗi yakan bugi tsirkiya ƙafarsa ta dama tana ƙasa-ƙasa, sannan ya ƙara sautin, sai ba ka jin bugun farce, sai dai sautin ya kumbura kamar numfashi. Matsalolinta ma ba kaɗan ba ne. Babu abin da ke tsayar da ƙarfen a daidai wuri sai ido da kunne, in ya kauce da faɗin ƙwayar shinkafa sauti ya karkace. Tsirkiya ta uku siririya ce ƙwarai, yawan ja da saki yana tsinka ta, don haka kowane makaɗi yana yawo da wasu a akwati. Zafin fitilun dandamali ma yana sassauta su, sai ka ga mutum yana ɗaure su tsakanin waƙa da waƙa.

Aikinta a tsohuwar waƙa shi ne amshi. Mawaƙi ya faɗi layi ya yi shiru, jitar ƙarfe ta amsa masa a cikin wannan shirun. A baiti na biyu ta koma gefe, goge ya karɓi amshin, a na uku fiyano. Ba a taɓa yi wa mawaƙi magana a baki. Duk wanda ya saba jin Shata yana jefa magana kalangu da 'yan amshi suna cafewa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A ganina nan ne zuciyar bambancin take. A sabuwar waƙa layukan suna bin juna babu numfashi, kalmomi sun yi yawa, mawaƙi yana jero su kusan kamar mai rap, don haka babu gurbin da wani zai amsa. Jitar ƙarfe tana nan a faya-fayai da yawa, amma an mai da ita shimfiɗa can baya, tana riƙe dogon sauti, ana jin ƙamshinta ba a jin maganarta.

Daga gidan tarihin kantiri na birnin ake ɗaukar baƙi a bas zuwa situdiyon RCA da ake kira Studio B, wanda aka gina a 1957 a unguwar Music Row. Ɗaki ne guda, ba shi da wani girma, ga tsohon fiyano ƙirar Steinway, ga alamar da aka yi a ƙasa inda mawaƙi ke tsayawa. A nan na gane cewa “tsohon kantiri” ba abu ɗaya ba ne. Da kiɗan rok ya kwashe kasuwa a tsakiyar shekarun 1950, masu shirya faifai Chet Atkins na kamfanin RCA da Owen Bradley na kamfanin Decca suka rage goge da jitar ƙarfe, suka kawo tarin gogunan okestira da mawaƙan baya masu tattausar murya, don waƙar ta shiga gidajen mutanen birni. Jim Reeves da Patsy Cline daga wannan salon suka fito. Wato abin da da yawa daga cikinmu muka sani a matsayin kantiri na asali, a zamaninsa masu ra'ayin gargajiya sun zarge shi da sayar da gida. Rigimar tsoho da sabo ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Duk da haka yadda ake aiki a ɗakin bai canza ba. Zama ɗaya awa uku ne bisa ƙa'idar ƙungiyar makaɗa, ana farawa ƙarfe goma na safe, biyu, shida, da goma na dare, a kowane zama ana sa ran waƙa uku ko huɗu. Makaɗa ƙalilan ne suke buga kusan komai: Floyd Cramer a fiyano, Bob Moore a bes, Buddy Harman a ganga, Grady Martin da Harold Bradley a jita. Ba a ba su rubutaccen kiɗa. Sukan ji waƙar sau ɗaya su rubuta ta da lambobi, dabarar da Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya ƙirƙiro, Charlie McCoy ya faɗaɗa. Haɗin gida shi ne 1, sauran kuma gwargwadon nisansu da shi. In waƙar a G take, 1 shi ne G, 4 shi ne C, 5 shi ne D. Mawaƙi ya ce ta yi masa ƙasa a ɗaga zuwa A, takardar ba ta canzawa, 1 ya zama A, 4 ya zama D, 5 ya zama E. Yawancin tsofaffin waƙoƙi a kan waɗannan uku suke tafiya. Kowa yana ɗaki guda, sautin ganga yana shiga makirfon mawaƙi, don haka dole mai ganga ya sassauta hannu, sau da yawa da burushin waya yake shafa fatar maimakon sanda. In mawaƙi ya ja wata kalma, kowa ya jira shi. Taku yana ɗan sauri a amshi, ya lafa a baiti.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita. A Bakersfield ta California, Buck Owens da Merle Haggard suka mayar da martani da jitar lantarki ƙirar Telecaster mai kaifin sauti. A shekarun 1970 Willie Nelson da Waylon Jennings suka ƙwaci 'yancin ɗaukar faifai da makaɗansu. George Strait daga 1981 da Randy Travis a 1986 suka dawo da goge da jitar ƙarfe gaba. Sai Garth Brooks da Shania Twain a shekarun 1990 suka kai kiɗan filayen wasa masu ɗaukar dubban mutane, gangar rok ta shigo ta zauna daram.

Don in ga yadda ake yi yanzu, na samu izinin zama a wani ƙaramin situdiyo a unguwar Berry Hill, inda gidajen zama da yawa suka koma ɗakunan ɗaukar sauti. Waƙar yau takan fara ne a ɗakin marubuta, mutum uku ko huɗu, ɗayansu aikinsa kwamfuta ne kawai: ya haɗa zagayen ganga na inji da haɗin sauti huɗu, galibi 1, 5, 6, 4, a riƙa maimaita su, sauran su ɗora kalmomi a kai. Tunda zagayen ba ya canzawa, baiti da amshi a kan haɗi ɗaya suke zaune, abin da ke raba su shi ne ƙara: a baiti a cire kaya, a amshi a zuba su duka. In an zo ɗauka, kowane makaɗi yana da abin ji a kunne da ke buga masa ƙas, ƙas, ƙas, a kan adadin da aka kayyade, kuma allon kwamfuta a zane yake da layuka kamar takardar lissafi. Bugun da ya kauce wa layi sai a ja shi a mayar. Mai ganga yana ɗaki dabam a rufe, kowace ganga da makirfonta, daga baya a ɗora mata sautin wata gangar da aka adana don ta ƙara kauri. Jitar lantarki a buga ta sau biyu, ɗaya a tura kunnen hagu, ɗaya dama. Banjon da ake ji sau da yawa mai tsirkiya shida ne da aka ɗaure kamar jita, a buga gaɓa biyu a kwafa a jera. Layukan sauti a waƙar da na gani sun haura hamsin, alhali a farkon shekarun 1960 uku ne a kan tef.

Murya ita ce ta ƙarshe. Mawaƙi ya rera waƙar sau da yawa, injiniya ya tsinci layi mafi kyau daga nan, kalma daga can, ya ɗinke su. Sannan a bi da manhajar gyaran murya, irin Auto-Tune da ta fito a 1997. Nan ne ake ɓarna in hannu ya yi nauyi. Mawaƙin kantiri na da, irin George Jones, ba ya faɗawa kan sauti kai tsaye, yakan taso daga ƙasa ya lanƙwasa kalma guda ta ratsa sauti uku ko huɗu, wani lokaci muryar ta ɗan karye. Manhajar tana ɗaukar wannan lanƙwasa a matsayin kuskure. In aka sa ta gyara da sauri sai ta miƙe ta, murya ta fito sumul amma ba ta taɓa zuciya. Haka kuma a ƙarshe ana matse waƙar gaba ɗaya don ta yi ƙara a waya da mota, sai tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu ta ragu. Shi ya sa sabuwar waƙa take burgewa a minti na farko, amma in ka jera goma kunne ya gaji. Wanda ya ga yadda fiyanon situdiyo ya maye gurbin kalangu da kotso a waƙoƙinmu ya riga ya san rabin labarin.

Akwai dalilin kasuwa a bayan wannan duka. A 2012 mujallar Billboard ta fara lissafa saye da sauraro ta intanet, da kuma sawa a tashoshin da ba na kantiri ba, wajen jera waƙoƙin kantiri, sai waƙar da ta yi kama da pop ta samu fifiko. A Spotify kuma sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta, don haka ba mai son ɓata lokaci da doguwar gabatarwar goge. Yawan waƙoƙi ma riba ne: kundin da Morgan Wallen ya fitar a 2023 waƙa 36 ne.

Kalmomin su ma sun sauya hanya. Tsohuwar waƙa labari ce mai tafiya: ga mutum, ga abin da ya same shi, saki ko kurkuku ko ramin kwal ko rasuwar uwa, kuma layin amshi yakan ɗauki sabuwar ma'ana a baiti na uku. Giya tana ciki, amma a matsayin abin da ya rusa gida. A salon da ya mamaye rediyo daga 2012, wanda Florida Georgia Line suka buɗe wa ƙofa, waƙar ta koma jerin kayayyaki: motar a-kori-kura, hanyar burji, daren Juma'a, budurwa a kujerar gaba. Ba abin da ke faruwa da kowa daga farko har ƙarshe. Wannan ya fi damuna a kan gangar inji.

Mai son ya gwada da kunnensa, titin Broadway ya ishe shi. Gidajen kiɗan suna buɗewa tun hantsi, ƙungiyoyi suna karɓa-karɓa awa huɗu-huɗu, mafi yawan abin da suke samu daga tulun kyauta ne da ake zagayawa da shi. Wuraren sayar da giya ne, amma da rana babu cunkoso, har iyalai na shiga, kuma tagoginsu a buɗe suke ta yadda daga bakin titi ana ji sarai. Manyan benaye masu ɗauke da sunayen taurarin yau suna buga sabon salo haɗe da rok, da ƙarar da ke hana magana. Robert's Western World, wanda ke bayan Ryman, ya riƙe tsohon. A can za ka ga shugaban ƙungiya ya ɗaga yatsu huɗu ko biyar a bayansa yana nuna wa baƙon makaɗi haɗin da ke tafe. Abubuwa huɗu na riƙa dubawa a kowace ƙofa: bes yana musanya sauti biyu ne ko yana riƙe ɗaya, ganga tana ɗingishi ko a miƙe take, wa ke amsa wa mawaƙi in ya yi shiru, kuma ko an taɓa buga waƙa mai taku uku-uku. Wannan na ƙarshe ya kusa ɓacewa a rediyo, amma a Robert's ban yi awa guda ba sai da aka buga biyu, ma'aurata tsofaffi suka tashi suna juyawa a ɗan filin da ke gaban dandamali.

Zalunci ne in ce sabon ba shi da komai. Sautinsa na ƙasa cikakke ne, abin da tsohon faifai ba ya iya ɗauka, makaɗan Nashville na yau kuma gwanaye ne na gaske. Ƙofar ma ta ƙara faɗi. Shaboozey, wanda aka haifa a Virginia iyayensa 'yan Najeriya, ya yi mako 19 a saman jerin waƙoƙin Amurka baki ɗaya a 2024 da waƙar da ta haɗa jita da tafi da salon hip-hop. Sannan cikin matasan akwai masu komawa ɗaki guda. Chris Stapleton ya ɗauki kundinsa na 2015 a Studio A, maƙwabcin Studio B, da makaɗa kaɗan suna bugawa tare, kuma ya sayu fiye da yadda kowa ya zata. Tyler Childers, Sierra Ferrell, Charley Crockett da Zach Top dukkansu da goge ko jitar ƙarfe a gaba suke tafiya, suna kuma cika zaure. Masu kyautar Grammy da kansu sun sanar a 2025 cewa sun raba kyautar kundin kantiri gida biyu, na gargajiya da na zamani.

Daren ƙarshe na tafi Opry, a sabon gidansa da ke gefen birni mai ɗaukar mutum kusan 4,400. Da za su bar Ryman a 1974 sun yanko da'irar katako mai faɗin ƙafa shida daga tsohon dandamali suka dasa a tsakiyar sabon, ambaliyar 2010 ta shanye dandamalin amma da'irar ta tsira, a kanta kowane mawaƙi ke tsayawa. Shirin har yanzu na rediyo ne kai tsaye, mai gabatarwa yana karanta talla daga gefe, kowane mawaƙi waƙa biyu ko uku ya sauka. Babu inda ya fi nan sauƙin kwatantawa, domin sau da yawa makaɗan gidan ne suke raka tsoho da yaro. Wani matashi ya fito da waƙar da na ji a FM a kan hanya. Babu zagayen inji a wannan daren, mai ganga ne da hannunsa, sai waƙar ta yi laushi, na ji kalmomin da ban ji ba a mota. Bayansa wata dattijuwa ta shigo da'irar, ta juya ta faɗa wa makaɗan matakin da za ta rera a kai. Goge biyu suka buɗe tare. Ta faɗi layin farko ta yi shiru, mai jitar ƙarfe ya taka fedoji biyun nan a hankali ya amsa mata, ita kuma ta jira har sautin ya gama sauka kafin ta ɗauki layi na biyu.